Shaidar Ƙonanniyar Ƙasa

Jama'a masu sauraro, iyayena da malamaina da ƴan'uwana na Kona da kewayenta, tun daga Tasawa da Korgom da Maijirgi har zuwa Mayahi, da duk wanda muryar nan ta iske a bakin Gulbin Kaba, ko yana zaune a zaure ko yana kan hanyar dawowa daga gona, da ku nake magana. 

Mas'alar da muka ɗauko a daren nan ta shafi wani abu da galibinmu mun taɓa taka shi da ƙafa ba tare da mun waiwaye shi ba. Sau da yawa manomi yana cikin huɗa a wani tsohon kufai da ya zama gona tun kafin a haifi kakansa, sai garma ta ci karo da wani zobe na jar ƙasa mai tauri kamar tubali, a gefensa ga tsingaro, wani lokaci ga baƙin kashin maƙera ya watsu, kuma idan ya koma gida ya tambayi dattawa ko aikin wane ne wannan, amsar da zai samu ba ta wuce a ce masa na mutanen da ne. To, wannan kalma ta mutanen da riga ce mai faɗi ƙwarai, domin tana rufe wanda ya rayu lokacin da Bature Barth, wanda ya kira kansa Abdul Karimu, ya sauka Tasawa a farkon 1851, tana kuma rufe wanda ya rayu shekara 1,500 kafin nan, alhali tsakanin mutanen biyu akwai dauloli da suka tashi suka faɗi. Abin tambaya shi ne, ko ƙasar da ba ta da baki, ba ta kuma ɗauke da rubutu, tana iya ba da shaidar zamanin da aka hura mata wuta? Masana sun ce tana iyawa, amma bisa sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan su ne suka sa maganar ta zama tamu, mu da muke noma a kanta.

Sai mu fara da abin da aka sani. Akwai ƴar allurar nan ta maganaɗisu da alhazai kan zo da ita don neman alƙibla, wadda duk yadda aka juya ta sai ta komo ta fuskanci arewa. Musulmi sun daɗe da saninta, domin wani Sarkin Yaman mai suna Al-Ashraf Umar, wanda ya rasu a 1296, ya wallafa bayanin yadda ake ɗora ta a kan ruwa cikin tasa a gane arewa, daga nan a ƙiyasta alƙibla. Dalilin wannan ɗabi'a tata shi ne, duniyar da muke kanta ita kanta wani ƙaton maganaɗisu ce, kamar yadda wani likitan Ingila mai suna William Gilbert ya kafa hujja a 1600, kuma bincike na baya ya nuna cewa asalin wannan ƙarfi yana can ƙarƙashinmu da nisan kilomita 2,900, inda narkakken ƙarfe yake gudana yana jujjuyawa bisa ƙudurar Ubangiji, ba dare ba rana.

Da yake abin da ke gudana ba ya zama wuri ɗaya, arewar da allura ke nunawa ita ma ba ta zama wuri ɗaya. A birnin Landan an auna a 1580 aka tarar allura ta kauce wa arewa ta gaskiya da daraja 11 zuwa gabas. Da wani malamin lissafi, Henry Gellibrand, ya sake aunawa a 1634, sai ya ga kaucewar ta koma daraja 4. Wajen 1660 ta daidaita sak da arewa, ba ta tsaya nan ba ta zarce yamma, har ta kai daraja 24 wajen 1820, sa'an nan ta juyo da baya sannu a hankali. Mu ma nan ba a bar mu a baya ba, domin duk allurar da aka riƙe a Maijirgi a shekarar 1899, shekarar da rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ƙare muguwar tafiyarta a can, tana karkace yamma da fiye da daraja 10, alhali a yau ta kusa daidaita da arewa. Kada wani ya ji wannan ya ce ashe alƙiblar masallacinmu tana yawo. Ka'aba tana nan inda take, gabas da mu da ɗan karkata arewa, allura ce kaɗai ke sauya ra'ayi, shi ya sa mai hankali yakan gwada ta da rana da taurari kafin ya aza tubali.

Abubuwa uku ake aunawa a wannan ƙarfi. Akwai karkata, wato nisan da allura ta kauce gabas ko yamma, wadda muka yi bayani yanzu. Akwai sunkuyo, domin idan aka rataye allurar yadda za ta iya ɗaga kai ko ta sunkuyar da shi, a ƙasar Faransa takan duƙa da fiye da daraja 60, a ƙasarmu kuwa kusan a kwance take, saboda layin da allura ke kwanciya sosai a kansa yana ratsawa kudu da mu ba da nisa ba. Sai na uku, ƙarfin jan kansa, wanda tun da Gauss na Jamus ya gano hanyar auna shi a 1832 ya ragu da misalin kashi 10 cikin 100. Kowane zamani, a kowace ƙasa, yana da nasa haɗin na waɗannan uku, kamar yadda kowane sarki yake da nasa hatimi.

Yanzu mu komo ga jar ƙasar gonarmu. Yumɓu da laka, kamar yadda launinsu yake nunawa bayan an gasa su, suna ɗauke da ƙananan ƙwayoyin tama waɗanda ido ba ya gani, kuma kowace ƙwaya ƴar allura ce a karan kanta, sai dai a ɗanyar ƙasa kowace ta fuskanci inda ta ga dama, ta yadda jan wannan yana soke jan waccan. Amma idan wuta ta ci ƙasar har zafi ya haura wani haddi, wanda ake kira da sunan Pierre Curie na Faransa da ya bayyana shi a 1895, wato digiri 580 ga baƙar tama da misalin 675 ga ja, sai ƙwayoyin su saki abin da suke riƙe da shi. Sa'an nan yayin da wutar ta mutu, ƙasa ta fara hucewa, sai rinjayensu ya juya ya bi arewar wannan rana, kamar jama'ar da ke warwatse a harabar masallaci suka ji an ta da iƙama suka daidaita sahu, kuma da zarar sanyi ya kama, a haka za su daskare, ko shekara dubu nawa za a yi, muddin ba a sake hura musu wuta mai irin wannan zafi ba. Murhun narkar da tama yakan wuce digiri 1,000, saboda haka bangonsa ya cika wannan sharaɗi har da rara. Haka matoyar masu ginin tukwane, haka daɓen ɗakin da gobara ta cinye, haka gindin rumbun da aka ƙone a yaƙi.

Wani masani ɗan Italiya, Folgheraiter, yana cikin waɗanda suka fara lura da wannan a jikin tsofaffin tukwane a ƙarshen ƙarni na 19, amma wanda ya mai da abin ilimi mai ƙa'ida shi ne Émile Thellier na Faransa, tun daga shekarun 1930, tare da maiɗakinsa Odette, waɗanda suka fitar da hanyarsu ta auna ƙarfin ja a 1959, kuma har gobe da ita ake aiki.

Yadda ake ɗaukar shaidar abin sha'awa ne, kuma ladanin da ya saba auna inuwa don sanin zawali zai gane shi nan take. Mai bincike ba ya taɓa murhun sai ya tabbata yana nan daram inda aka bar shi. Sa'an nan ya zaɓi wurare goma ko fiye a kewayen bangon, ya zuba wa kowane irin farin garin nan da ake ɗaure karaya da shi a asibiti, ya daidaita samansa ya kwanta sosai, ya zana masa layin da ke nuna arewa ta gaskiya. Kuma wajen zana layin ya fi dogara ga inuwar rana da agogo bisa allura, domin murhun da kashin maƙeran da ke gefensa suna iya jan allurar su ɓatar da ita. Bayan haka ne zai yanko gutsattsarin ya kai ɗakin awo, inda za a yi ta ɗumama su mataki mataki don a kankare duk wani ƙaramin ja da suka kwasa daga baya, har a isa ga na asali. Idan gutsattsarin goman nan suka nuna wuri ɗaya, shaida ta yi ƙarfi. Idan suka sassaɓa, to bangon ya motsa, ko tsawa ta taɓa faɗa masa, sai a ajiye shi kamar yadda alƙali yake sallamar shaidun da bakinsu bai zo ɗaya ba.

Ga inda gizo yake saƙa. A ce an auna, an tarar murhun gonar Kona ya daskare da karkata kaza da sunkuyo kaza. Wannan bai faɗi shekara ba tukuna, sai an san a wace shekara ce arewar ƙasar Tasawa ta kasance haka. Malaman hadisi sun riga kowa fahimtar irin wannan matsala, domin a wurinsu matani ba ya tsayawa da ƙafarsa sai da isnadi, kuma mai riwaya ba a karɓar maganarsa sai wani sananne ya yi masa tazkiya. Haka nan a wannan fanni, dole a tara murahu masu yawa waɗanda aka riga aka san zamaninsu ta wata hanya dabam, a auna kowanne, a jera su daga na jiya zuwa na can baya, har a sami silsilar da ke nuna yawon allura a wannan yanki ƙarni bayan ƙarni. Sa'an nan duk murhun da aka samu daga baya wanda ba a san shi ba, sai a kawo shi a gwada a ga inda ya dace a cikin silsilar. Kuma silsilar wata ƙasa ba ta yi wa wata mai nisa aiki, ta Faransa ba ta fassara murhun Mayahi.

Ta ƙarnuka huɗu na baya an sami sauƙi, domin matuƙan jiragen ruwa sun riƙa rubuta karkatar allura kullum a littattafan tafiyarsu, kuma a shekarar 2000 wasu masana suka tattara waɗannan rubuce-rubuce suka fitar da taswirar abin tun daga 1590. Abin da ya gabaci haka kuwa sai an tono shi daga ƙasa. Ƙasar Bulgariya, saboda aikin da wata masaniya Mary Kovacheva ta share rayuwarta tana yi, tana da silsilar da ta kai shekara 8,000. A ƙasar Iraƙi an sami wata gata da ba kowa ke da ita ba, domin sarakunan da sukan buga sunansu a jikin tubalin da aka gasa, kuma a 2023 aka bayyana awon tubali 32 masu ɗauke da sunayen sarakuna 12, cikinsu har da Bukhtanasar wanda malaman tafsiri suke ambata. Tubalin ya zo da isnadinsa a goshinsa. Inda silsila ta yi kauri haka, akan iya faɗin zamanin murhu da kuskuren da bai wuce ƴan gomiya na shekaru ba zuwa ƙarni guda.

Tamu silsilar ta Afirka ta Yamma kuwa siririya ce, ba don ƙasarmu ta rasa shaidu ba, sai don ba a daɗe da fara sauraronsu ba. A 2013 aka fitar da awon ƙarfin ja daga tsingaron kwarin kogin Sanagal da na tsohon birnin Jenne a Mali, wanda ya shafi shekaru 2,000. A 2015 aka fitar da awon karkata da sunkuyo daga Korsimoro ta Burkina Faso, inda maƙera suka yi ta narkar da tama tsakanin ƙarni na 7 da na 17, suka bar murahu iri iri, kowane zamani da salon gininsa. Ku auna da kanku nisan da ke tsakanin Korsimoro da Kona, ku kuma tuna cewa a Dutsen Dala na Kano an sami alamar narkar da tama tun ƙarni na 7, an sami murahu a Samaru ta Zariya, an tona Kufan Kanawa a ƙasar Damagaram, sai ku ga cewa ƙasar Hausa, wadda ƙira ta zama mata gado har ta naɗa wa sana'ar Sarkin Maƙera, tana zaune a kan taskar da duniyar ilimi take bukata.

Mai sauraro da ya yi boko zai ce, ina amfanin wannan wahala alhali akwai awon gawayi, wanda Willard Libby na Amurka ya fito da shi a 1949? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta tana cikin ƙasarmu. Awon gawayi yana faɗin lokacin da itace ya mutu ne, ba lokacin da aka ƙone shi ba, kuma a ƙasa mai fari kututture yana iya yin ƙarnuka a bushe bai ruɓe ba. Wani masani Danilo Grébénart ya tona wasu ramuka masu ƙonanniyar ƙasa a yankin Agadas, gawayinsu ya nuna shekara 2,000 kafin Miladiyya, har aka yi ta murna cewa an gano mafi tsufan murahun tagulla a wannan sashe. Da aka sake duba su da kyau sai aka bayyana a 1988 cewa da yawa daga cikin mafi tsufan nan sun fi kama da gindin itatuwan da suka ƙone a cikin ƙasa, kuma abin yabo, shi Grébénart yana cikin waɗanda suka sa hannu a wannan gyara, wanda hali ne na malamin ƙwarai. Bayan wannan kuma, awon gawayi yana da wani makantaccen wuri tsakanin shekara ta 800 da ta 400 kafin Miladiyya, inda ba ya iya bambance farkon tazarar da ƙarshenta, kuma ikon Allah, a daidai nan ko gefensa ne zamanin wasu daga cikin tsofaffin murahun ƙarfe na wannan yanki ya faɗa, irin na Taruga kusa da Abuja da Bernard Fagg ya tona a shekarun 1960, da na Durula a Burkina Faso. Shi kuwa awon maganaɗisu wutar kanta yake kamawa, ba itacen ba. Saboda haka ba kishiyoyi ba ne, shaidu biyu ne da kowanne ke toshe ɓarakar ɗan'uwansa.

Ba zan ɓoye muku rauninsa ba. Allura takan dawo inda ta taɓa wucewa, don haka murhu ɗaya yana iya dacewa da zamani biyu ko uku, sai an duba salon tsingaro da zurfin ƙasa kafin a rinjayar da ɗaya. Kuma wuta ta ƙarshe kaɗai yake riƙewa, domin kowace sabuwar wuta tana shafe ta gabanta. Murhun da aka yi shekara 60 ana aiki da shi ba zai faɗi ranar gina shi ba, sai ranar da aka yi ban kwana da shi. A ƙasa mai yashi irin tamu kuma, inda ruwa ke zaizaye gindin abu, gara ta shiga, saiwa ta ture, bango yakan kishingiɗa ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Amma mafi yawan shaidun da suka lalace, hannun mutum ne ya lalata su. Ina yaro na ga an haƙe wani irin wannan zobe a wata gona, saboda wani ya rantse cewa a ƙarƙashinsa akwai tukunyar dukiya. Aka yini ana haƙa, aka farfasa bangon aka yi jifa da shi gefe, ba a sami komai ba sai toka, mai gona ya yi asarar kunya biyu na hatsi. A lokacin dariya muka yi. Yau da na san abin da ke cikin bangon nan dariyar ba ta zuwa, domin gutsuren da aka ɗaga daga mazauninsa, ko da an mai da shi nan take, ya rasa karkatarsa da sunkuyonsa har abada, abin da ya rage masa sai ƙarfin ja, wanda ko tsingaro yana bayarwa. Mutanen Bura da ke yammacin ƙasar nan sun ga abin da ya fi wannan muni, bayan Boubé Gado na cibiyar binciken IRSH ta Yamai ya tona wurin a 1983 duniya ta san darajarsa, masu haƙan dare suka bi makabartun suna kwashewa suna sayarwa ƙetare, kuma tun 1997 akwai dokar da ta hana wannan.

Saboda haka, ya kai ɗan'uwana manomi, idan garmarka ta ci karo da jan zobe, ka ɗaga ta ka kewaye shi, abin da za ka rasa bai wuce taki biyu ba. Ka mai da ƙasa ka rufe shi don kada ruwa da kofaton shanu su ci shi, ka sa alama da dutse ko ka ƙirga takinsa daga wani gawo ko aduwa da ka sani, sa'an nan ka shaida wa mai gari, shi kuma ya isar ga magajin gari da ma'aikatan al'adu na Tasawa ko Mayahi. Ku kuma iyayenmu maƙera, Allah ya ƙara muku lafiya, muna da roƙo na musamman gare ku. Narkar da tama ta mutu a ƙasar nan ne a zamanin Turawa, lokacin da ƙarfen mota da na jirgi ya yi arha har ya zama ba riba a sha wahalar tama da gawayi, kuma wataƙila a cikinku akwai wanda kakansa ya taɓa nuna masa wuri ya ce, nan muka yi ta ƙarshe, shekarar yunwa kaza, zamanin sarki wane. Murhun da ke da irin wannan riwaya shi ake fara gwada awon da shi, domin idan abin da ƙasa ta faɗa ya dace da abin da dattijo ya faɗa, masu bincike za su sami ƙarfin gwiwar matsawa zuwa murhun da ba wanda ya tuna mai shi. Ku sa jikokinku ƴan makaranta su rubuta sunan wurin da sunan mai murhun da sarkin zamanin, da boko ko da ajami, a ajiye a cikin gafaka.

Lokacinmu ya cika. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko zancen tsingaro, da yadda zanen da mai ginin tukunya ta yi da igiya ko da totuwa yake bambance mutanen wani kufai da na wani.